Shafi Na Sittin Da Uku Yana Ƙarƙashin Galan Ɗin Mai

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa wai ni ce matsalar kaina, wai bin diddigi ne ya yi mini yawa, shi ya sa na kai shekara ashirin da tara a ɗakin Mama. To, na ji. Amma kafin ku haɗa kai da Gwaggona ku yanke mini hukunci, ku gyara zama ku ji abin da ya faru a gidanmu makon jiya, daga Lahadi zuwa Juma'a. Wanda ya shigo yau ma ba zai ɓata ba, don ba mu da yawa. Ni ce Auta. Sai Mama, sai Gwaggo ƙanwar marigayi Babanmu, sai kuma Injiniya, wanda saura wata uku a yi aurenmu idan bakina bai kore shi ba.

Injiniya mai haɗa sola ne. Dogo, mai tsafta har ta yi masa yawa, mutumin da zai wuni a saman rufin kwano ya sauko da farar riga ba ko ɗigon datti. Ina sonsa, gara in faɗa muku tun yanzu kada a ce ban faɗa ba. Aibinsa guda ɗaya ne tak: da zarar ya ga koriyar kibiya ta nuna sama a fuskar waya, to hankalinsa ya yi gaba, sai dai a bi shi da addu'a.

Ita kuwa Mama, shekara talatin da biyu ta yi tana koyarwa a firamare. Ta yi ritaya, ta ƙara shekara biyu tana zarya daga wannan ofis zuwa wancan kafin kuɗin sallamarta su fito a watan jiya. Tun ranar da suka shigo, gidanmu ya koma ofishin ba da shawara. Wannan ya ce fili, wancan ya ce kaji, wani da rabonmu da shi tun rasuwar Baba ya zo da maganar motar haya. Kowa ya gama sai Mama ta ce, "To, Allah ya zaɓa mafi alheri," ta miƙa masa ruwa. Kuɗin nan su ne komai nata. Babu wasu a baya, babu wasu masu zuwa.

Ranar Lahadi da la'asar Injiniya ya zo cikin shuɗiyar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana sheƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa falo. Gwaggo na nan, ta cinye kujera mai cin mutum biyu ita kaɗai da ƙaton mayafinta ruwan ƙasa. Bayan gaisuwa sai ya matso kusa da ƙafar Mama ya fito da waya.

"Mama, kada ki bari kuɗin nan su kwanta a banki suna ramewa. Kin ga wannan manhajar? Dubu goma sha biyu nake biya duk wata. Ba irin ta kyauta ba ce da kowa ke lalube a ciki. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari, ga lissafinsa a nan."

Mama ta ɗora tabarau. "Wannan koren shi ne me?"

"Shi ne ribar, Mama. Kamfanin fenti ne. Bara ribarsu ta ninka ta bara waccan sau uku. Mutane ba su farga ba tukuna, shi ya sa jarin yake da arha."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, wadda ko fuskar wayar ba ta hango ba.

Ni ina tsaye da faranti da kofunan shayi. Wallahi na yi niyyar in ajiye in wuce. Amma ni mai karɓar kuɗi ce a shagon kayan gini, kuma fenti a gabana ake sayar da shi tun safe har yamma.

"Wane kamfanin fentin? Mai hoton tauraro a jikin bokiti?"

"Shi fa," ya ce yana murmushi. "Kin ga ma kin san su."

"Na san su mana. Wata huɗu ke nan a kan bokitinsu nake zama in ci abincin rana. Ba wanda ya taɓa cewa in tashi zai saya."

Injiniya ya yi 'yar dariya ya ce shago ɗaya ba shi ne ƙasa ba, kuma gaskiyarsa ce. Gwaggo ta watso mini wani kallo, na ajiye farantin da sauri. Da na koma kicin sai ga ta a bayana, ta turo ƙofa.

"Ke Auta, wai bakin nan naki ba shi da birki ne? Haka kika yi wa mai shagon maganin nan, kika gyara masa lissafi a gaban abokansa. Ina yake yanzu? 'Ya'yansa biyu da wata. Namiji ya kawo magana a gaban surukarsa, ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, ki ce masa haka ne, kin ma taɓa gani."

"Gwaggo, kuɗin Mama ne fa."

"Kuɗin Mama ne, shi kuma mijinki ne. Saura wata uku. Ki haɗiye."

Kafin ya tafi an gama magana. Ranar Juma'a da ƙarfe tara zai zo ya kai Mama banki, a tura kashi uku cikin huɗu na kuɗin zuwa wurin dillalin hannun jari. Da na tambayi Mama me ya sa ta amince da wuri haka, ita da ta ƙi fili ta ƙi kaji, sai ta cire tabarau ta ce, "Tun da Babanku ya rasu, ba wanda ya zauna a ƙasa ya yi mini bayanin kuɗi kamar ni mutum ce mai hankali, sai yaron nan." Na san gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini zafi.

To kwana huɗu gare ni. Tambayata guda ɗaya ce: idan ba a sayen fentin, daga ina ribar ta fito?

Litinin, tsakanin mai sayen ƙusa da mai sayen siminti, na duba shafukan kyauta guda uku. Kowanne da lambarsa daban, kamar kamfanoni uku ake magana. Ɗaya lissafinsa ya tsaya tun shekara huɗu da suka wuce. Ɗaya ya nuna mini layi biyu, sauran ya lulluɓe da hazo, wai in sa lambar katina in ga ci gaba. Na shiga shafin kamfanin da kansa, sai ga shugabansu da ƙaton almakashi yana yanke ƙyalle. Na danna inda aka rubuta rahoton shekara, ya buɗe fari fat kamar an shafe shi da fentin nasu.

Talata wata ƙawata ta jefa ni wani guruf na masu hannun jari. Jama'a, saƙon murya ɗari da goma sha ɗaya na tarar. Wani ya rantse kamfanin na samun kuɗi, don surukinsa mai gadi ne a can, kuma yana ganin manyan motoci suna shiga. Wani ya ce yana da cikakken rahoton, amma sai na tura dubu biyar zuwa wata lamba mai sunan mace. Na fita daga guruf ɗin, aka sake mayar da ni. A shafin kasuwar hannun jari kuwa na ga rahoton na gaskiya, kyauta, har na yi hamdala. Ashe hoton kowane shafi aka ɗauka aka haɗa, nauyinsa ya fi na fim. Ya sauka har kashi tamanin cikin ɗari, ya cinye datar da na saya ta wata guda, sannan ya tsaya cak.

Laraba da rana na roƙi maigidan shagonmu awa ɗaya na je ofishin wani dillali. Sakatariyar ta dube ni daga takalmi zuwa ɗankwali, ta ga ƙurar siminti a gefen siket ɗina, ta ce cikakken nazari na masu babban asusu ne, amma in na biya abin da ya kai rabin albashina za a buga mini. Na sha ruwan sanyinsu kofi biyu don kada in fita a banza.

Ina cikin motar komawa sai ga saƙon Injiniya.

"Hajiyata, kwana biyu kin yi tsada."

"Ina bincike ne."

"A kaina?"

"A kan fenti."

Ya turo fuskar dariya guda uku. "Ni na biya kuɗi ne don kada ki wahala."

"Daga ina ribar ta fito?"

"Daga fenti mana."

"Wa ya saya?"

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Can sai ga shi: "Ki yarda da ni, Auta."

Na daɗe ina kallon kalmomin nan biyar. Na yarda da shi ya hau rufin gidanmu, na yarda da shi ya riƙe ni har tsufa. Abin da ban yarda da shi ba kibiyar ce, kuma ban san yadda ake faɗa wa namiji haka ba tare da ya ji shi ake nufi ba.

Na isa gida da la'asar jikina a mace. Mama na kicin ta ce in miƙo mata galan ɗin mai daga kanta ta ƙasa. Na ɗago shi, sai takardar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi ta manne ta biyo shi. Na sa hannu zan ɓamɓare ta in mayar, sai idona ya sauka a kusurwar sama. Ɗan ƙaramin tauraro ne, irin wanda nake zama a kansa kullum.

A nan dole in koma baya kaɗan in gaya muku halin Babanmu. Ma'aikacin gidan waya ne, albashinsa bai taɓa kaiwa ƙarshen wata da ƙafarsa ba. Amma yana da wata dabara. Sai ya sayi hannun jari ashirin kacal a kamfani, ashirin a wancan, har kamfani goma sha bakwai. Ribar da ake turo masa wani lokaci ko kuɗin motar zuwa karɓa ba ta kai. Shi ba ita yake nema ba. Duk mai hannun jari, ko guda nawa ne, yana da haƙƙin a ba shi rahoton shekara, shi kuma ya cike takarda cewa bugagge yake so, a aiko masa ta akwatin gidan waya. Yakan ce ya biya kuɗin makaranta sau ɗaya, littattafai kuma kyauta har abada. Ina 'yar shekara goma sha biyu zai zaunar da ni a gefensa ranar Asabar ya ce, "Fara daga baya, Auta. A gaba hotuna suke sawa."

Shekara huɗu da rasuwarsa, kamfanonin ba su sani ba, suna ta aikowa. Mama kuma ta kasa rufe akwatin, duk shekara sai ta je ta sabunta. Ni a zatona tana adana su ne a cikin akwatinsa na ƙarfe. Ban taɓa tambaya ba, don ban son buɗe abin da zai sa ni kuka.

"Mama! Wannan na wace shekara ne?"

"Na bana mana. Watan jiya na sauya. Ai takardar akwai kyau, santsi gare ta, ba ta saurin shan mai."

"Ina sauran?"

Ta nuna kantocin da ludayi, sama da ƙasa. "Masu lambobin ne kawai nake shimfiɗawa. Masu hotuna suna cikin durowa. Ba zan ɗora tukunya a kan fuskar bawan Allah ba."

Kwana uku ina yawo a gari, na ƙarar da data, na sha kallon raini, ashe abin da nake nema yana nan yana tare wa Mama tsatsar tukunya. Na fito da komai tsakar kicin. Tukwane, robobi, buhun shinkafa, tsohuwar bilenda da ta mutu tun ina sakandare. Mama na ta salati. Na jera shafukan a ƙasa bisa lamba. Na sittin da ɗaya yana ƙarƙashin gishiri, na sittin da biyu ya sha ruwan tumatir amma yana karantuwa. Wanda ya manne wa galan shi ne na sittin da uku, mai ya ratsa shi har ana hango yatsana ta baya.

A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda aka yi don kada a karanta, ga bayanin. Kamfanin ya sayar da filinsa da ginin masana'antarsa a bara. Kuɗin da aka biya su ne aka zuba cikin ribar. Yanzu haya suke biya a ginin da yake nasu jiya. In an cire kuɗin ginin, asara suka yi, ba riba ba. A shafin masu binciken lissafi kuma, wanda na ciro daga ƙarƙashin kwalin ashana, sun rubuta cikin ladabi cewa suna da shakku ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki in bai sami sabon kuɗi ba.

Na zauna daɓas a tsakiyar tukwane. Ba murna na ji ba. Muryar Baba na ji, sai kawai hawaye suka zubo, na rasa na kewarsa ne ko na tsoron gobe.

Na yi wa Mama bayani dalla-dalla. Na ce kamar mutum ne ya sayar da gidansa ya zo yana cewa kasuwa ta yi kyau bana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji, kuma na san ba ki ƙarya. Amma shi ya biya kuɗi ya samo nasa, ke kin ciro naki daga ƙarƙashin mai. Na riga na ba shi kalmata a gaban Gwaggonki. In ya zo da bakinsa ya ce in fasa, zan fasa. Ba zan kunyata shi a kan takardar kicin ba." Kun ji Mama. Za ta iya rasa shekara talatin da biyu don kada fuskar wani ta zube.

Alhamis na tura masa saƙo cewa ƙwan lantarkin kicin ɗinmu yana ƙyaftawa. Ba ƙarya na yi ba, ni na ɗan sassauta shi. Ya zo da jakar kayan aiki, ya gaida Gwaggo a falo, ya wuce kicin. Na turo ƙofa na miƙa masa shafukan. Har guga na yi musu, na ɗora ƙyalle a sama don kada man ya ƙone.

Ya riƙe da yatsa biyu saboda rigarsa. "Mene ne wannan kuma?"

"Rahoton kamfaninka ne. Fara daga ƙasa."

"Auta, manhajar nan manyan mutane ke amfani da ita. Ba ta ƙarya."

"Ba ta yi maka ƙarya ba. Ta gaya maka nawa ne. Ba ta gaya maka daga ina ba."

Ya karanta. Na ga idonsa ya kai ƙarshen layi ya sake komawa farko. Ya fito da waya ya duba kibiyarsa, ya dawo kan takarda. Na shirya maganganu masu daɗi tun safe, irin su kowa na kuskure, amma da na ga fuskarsa duk suka gudu.

"Mama ta gani?"

"Ta gani. Ta ce sai abin da ka ce."

Ya ninke shafin ya sa a aljihun farar rigarsa, da man da komai. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Bai gyara ƙwan ba, bai taɓa shayin da na haɗa masa ba. Ina jin sa yana yi wa Gwaggo sallama da wata murya da ba tasa ba.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta faɗo kicin. "Me kika yi masa?"

"Takarda na ba shi."

"Takarda! Wancan lissafi, wannan takarda. To ki auri takardar."

Har gari ya waye ba saƙo, ba kira. Na tura "Ka isa lafiya?" aka nuna ya karanta, shiru. Kada ku tambaye ni sau nawa na duba wayar, ni ma kunyar adadin nake ji.

Juma'a ƙarfe takwas da rabi Mama ta gama shiri. Doguwar riga ruwan toka, mayafin da take ajiyewa don manyan fita, jakarta mai zif biyu da katin shaida da takardun banki a ciki. Ta zauna a falo ta ɗora jakar a cinya kamar ɗalibar da ke jiran a kira sunanta. Gwaggo ta zo tun bakwai don ta ga ƙarshen abin da idonta. Ni na ce wa maigidan shago kaina ke ciwo, kuma da gaske yana yi. Abu biyu nake tsoro, ban san wanda ya fi ba: ya zo ya ce su tafi bankin, ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya.

Tara ta yi. Tara da kwata. Tara da rabi. Duk ƙarar babur da ta wuce sai Gwaggo ta kalle ni ta girgiza kai.

Saura minti ashirin goma ya yi sallama. Rigar jiya ce a jikinsa, a yamutse, da taswirar mai a kan aljihu. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya maimaita riga ba. A hammatarsa akwai wani dogon naɗi kamar tabarma. Ya wuce kujera ya zauna a ƙasa, daidai inda ya zauna ranar Lahadi.

"Mama, ba za mu je bankin ba. Na yi kuskure. Abin da na nuna miki rabin magana ne, Auta ce ta samo sauran. Daga nan na wuce ofishin wani abokina mai intanet mai ƙarfi, na sauke rahoton gaba ɗaya, kyauta ma ashe yake. Abin da ta ce haka yake, har ya fi. Da kin saka kuɗin nan da bakina, ban san da wane ido zan dube ki ba. Ki yafe mini."

Mama ta dube shi. Sannan ta zuge zif ɗin jakarta ta rufe, ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Wanda zai iya faɗin haka a gaban mata uku, ba ƙaramin mutum ba ne. Wannan kuma mene ne ka rungumo?"

Ya warware. Ledar shimfiɗa kanta ce, fara mai ƙananan furanni shuɗaye, yadi goma. "Musaya na zo yi, Mama. Ki ba ni takardun, in ba ki wannan. Ita ma ba ta shan mai."

Mama ta yi dariya har tabarau ya zame mata. Rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar tun Baba na da rai. Gwaggo kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Ai dama ni na sha faɗa, yarinyar nan kan ubanta ta ɗauko." Ban ce komai ba. Kun ga ashe bakin yana da birki.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce muku ku tafa. Amma muna kicin mu biyu, shi yana aunawa ni ina yankawa da almakashi, sai na lura ya auna kanta ɗaya sau uku.

"Auta," ya ce, bai juyo ba. "Kin tuna kuɗin hayar gidan da za mu zauna? Na shekara biyu, da na ce miki na ajiye?"

Almakashin ya tsaya a hannuna.

"Wata biyu ke nan da na saka su a kamfanin fentin nan. Duka. Na so in ninka su in ba ki mamaki, in sauya mana zuwa mai ɗaki uku. Jiya na ce wa dillali ya sayar. Har yanzu ba mai saye, sai da farashin da in na faɗa miki za ki zauna." Ya yi wata guntuwar dariya marar daɗi. "Kuma yau da safe manhajar ta cire dubu goma sha biyunta na wannan watan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ji kamar in kwaɗa masa naɗin ledar a ka. Gidan nan na je na gani, na zaɓi inda zan sa gado, har labule na auna. Amma a tare da haushin sai na tuna abu ɗaya. Ya kwana da sanin nasa sun nutse, kuma da gari ya waye ba nasa ya fara bi ba, na Mama ya zo ya tsamo, a gaban Gwaggo, da yamutsattsiyar riga.

"Ba ni da gidan da zan kai ki nan da wata uku," ya ce. Yanzu ya juyo, idonsa ja. "Ban san ko wata nawa zai ɗauka ba. In kin ce ba za ki iya jira ba, ba zan ga laifinki ba."

Na buɗe baki ke nan sai na ji motsi. Gwaggo ce a bakin ƙofa da kofi a hannu, ta zo ɗibar ruwa. Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye.

"Wane kuɗin haya?" ta ce. "Wane jira?"

Injiniya ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai na ji bakin nan nawa, wanda aka ce shi ke korar maza, ya buɗe da kansa.

"Namu ne, Gwaggo. Ni da shi. Mu za mu zauna mu lissafa."

Na ɗauko rahoton kamfani na gaba daga cikin tarin Baba, na juya shi na miƙa masa ta baya, don wannan karon mu fara daga inda Baba ya koya mini. Ya karɓa da hannu biyu.

Gwaggo ta dube ni, ta dube shi. Ta ajiye kofin a kan sabuwar leda, ta jawo bokiti ta kifa, ta zauna a kai ta tare ƙofar da faɗinta.

"To ku lissafa," ta ce. "Ina ji."